Man Kaɗanya da Hanyar Gwanja



Hunturu ya sauko mana, ƙura ta rufe sararin Kumasi, leɓuna sun fara tsagewa, yara suna tashi da ƙafafu furu-furu kamar sun kwana a toka. A irin wannan lokaci ne iyayenmu mata ke jawo ƙoƙon man kaɗanya daga ƙarƙashin gado. Amma ko mun taɓa tambayar kanmu yadda aka yi man nan ya zama ɗan gida a wurinmu, alhali kaɗanya ba ta tsirowa a kurmin Asante, balle a bakin teku?

Kaɗanya itaciyar arewa ce, kuma ta daɗe da suna. Ibn Baɗuɗa ya ga man ta a ƙasar Mali wajen 1352, Mungo Park ya yaba shi a tafiyarsa ta 1796. Mu kuwa kakanninmu a kan hanyar Gwanja suka san darajarsa. Ayari kan tashi daga Kano da rani, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu da Jugu, a bi ta Yendi har Salaga. Tafiya ce ta watanni, galibi a ƙasa, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro. Mutumin da ke taka tsakuwa daga asuba har azahar cikin busasshiyar iska, babban abokin gabarsa bayan 'yan fashi shi ne faso. Diddige ya tsage ya yi jini, mai shi ya kasa bin ayari, ayari kuwa ba ya jiran kowa. Saboda haka idan aka sauka zango, sai a jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi, a goge kaushin da dutse, a cusa mai cikin tsagar, a naɗe da tsumma har gari ya waye. Abin da tsofaffinmu ke yi wa jikokinsu yau ke nan, sai dai safa ta maye gurbin tsumma.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ba ma son ambata, amma amana ta hana mu ɓoye shi. Kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa cikinta ba, har da 'ya'yan Adam. Har yanzu akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, da harshenmu aka raɗa masa sunan, kuma mutanen garin suna ba da labarin cewa a nan ake yi wa bayi wanka, a shafe su da man kaɗanya don fatarsu ta yi sheƙi, farashi ya ɗaga. Man da ya warkar da ƙafar falke, shi aka rufe wahalar bawa da shi. Allah ya gafarta wa magabata, ya jiƙan waɗanda aka zalunta.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, cinikin Salaga ya fara ja baya, sai yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa watsa garin. Jama'armu suka bazu Kete-Krachi da Yeji, daga baya Kumasi da Ankara. Suka tarar Asantawa suna kiran man nkuto, suna kuma da man alayyadi na ƙwarar kwakwa, da sabulun salo da suke ce wa alata samina. Muka karɓi nasu, muka riƙe namu.

Mu mutanen alwala ne, sau biyar a yini ruwa na taɓa gaɓoɓinmu, iska ta busar da shi nan take, shi ya sa hannuwanmu da ƙafafunmu suka fi na maƙwabta shan wuya da hunturu. Malamanmu na zaure sun koya mana cewa man da ya daskare ya yi kauri har ya hana ruwa isa ga fata, dole a gusar da shi kafin alwala. Don haka shafa mai nauyi sai bayan lisha, jiki da sauran danshi. Da rana kuwa ɗan kaɗan, a murza shi a tafin hannu har ya narke. Mai ciwon sukari dai, idan faso ya buɗe, asibiti ya kamata ya nufa.

Dattijon da muke yi wa hidimar rubutu yakan ce a ƙuruciyarsa ba a kai amarya sai da ƙwaryar man. Yanzu ƙwarar kaɗanya kamfanonin cakulan na Turai ke rububinta, musamman tun da Tarayyar Turai ta yarda a 2000 a sa kashi 5 cikin ɗari na irin waɗannan mayuka a cakulan. 'Ya'yanmu mata kuma sun koma ga man bilicin, har hukuma ta hana shigo da mai ɗauke da sinadarin haidirokwinon a 2016. Sannan itaciyar da kan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya ana sare ta a yi gawayi, buhunansa kuwa a ƙofar gidajenmu motocin arewa ke sauke su kowane mako.