Daren Lahadin Ed Sullivan

Ed Sullivan bai iya waƙa ba, bai iya rawa ba. Ɗan jarida ne mai ɗaurarriyar fuska, har 'yan barkwanci na kwaikwayonsa. Amma daga 1948 zuwa 1971, duk daren Lahadi, Amurkawa kan zuba wa tashar CBS ido su ga wa zai gabatar. Ranar da ya kawo Beatles a 1964, kimanin mutum miliyan 73 suka kalla.

Ni dai ba wannan ya fi burge ni ba. Lokacin wariyar launin fata na ganiyarta a kudancin ƙasar, ya riƙa gayyato baƙaƙen fata irin su Louis Armstrong da Nat King Cole, yana ba su hannu a bainar jama'a. Masu talla suna ta ƙorafi, shi ko a jikinsa.