Daga Ɗori Zuwa Gwiwar Ƙarfe

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun yadda aka yi ta fama da ciwon gwiwa, in kuma duba ko tiyatar zamani tana mayar wa mutum da saurin tafiyarsa. Na ɗauki misali da ƙasarmu ta Karaye da Rogo, domin ita na fi sani.

A zamanin da, ƙafa ita ce dokin talaka. Da ita ake cin kasuwa, da ita fatake ke kai shuni da tufafi gari-gari. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda mutanen ƙauyukan Zarewa, a ƙasar Rogo ta yau, ke rugawa cikin ganuwa in mahara sun taso. A irin wannan rana, mai ciwon gwiwa shi ne abin tausayi.

Magabatanmu ba su zauna haka nan ba. Akwai masu ɗori da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suna gyara karaya da targaɗe da karan dawa da tsumma. Wanzamai kuma suna yin ƙaho da tsaga. Sai dai akwai ciwon da ya fi ƙarfinsu, wato zaizayewar guringuntsin gwiwa, inda ƙashi ke gugar ƙashi. Wannan ba karaya ba ce balle a ɗora, don haka tsoho sai ya nemi sanda ya haƙura.

Turawa ma sun daɗe suna lalube. A 1890 wani likitan Jamus, Themistocles Gluck, ya sa wa marasa lafiya gwiwar da aka sassaƙa da hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin. A 1951 Walldius na ƙasar Suwidin ya fito da gwiwa mai kama da fatar ƙofa. Sai wajen 1974 John Insall da abokan aikinsa a Amurka suka daidaita irin wadda ake gadonta yau: a share bakin ƙasusuwan, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa roba mai tauri tsakani. A nan gida kuwa, an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, kuma can ne mutanenmu suka saba dosa in abu ya gagari mai ɗori.

To, shin sauri yana dawowa? Baligi mai lafiya yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa guda. Mai zaizayayyiyar gwiwa yakan gaza haka, domin zafi yana sa shi taƙaita taku. A watan farko bayan tiyata tafiyar ƙara raguwa take yi, saboda tsokar cinya takan rasa fiye da rabin ƙarfinta. Daga wata 3 zuwa shekara guda ne akasarin mutane ke wuce yadda suke kafin a yi musu aiki. Duk da haka, da yawa ba sa kamo tsararsu masu lafiya. Babbar ribar ita ce raguwar zafi.

Akwai kuma abin da awon sauri ba ya nunawa. Manomin rani a bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, wuni yake a sunkuye. A tabarma muke cin tuwo, a durƙushe ake gaida manya, ga kuma sujada da zaman tahiya. Gwiwar ƙarfe ba ta cika lanƙwashewa sosai ba, kuma durƙuso yana yi wa masu ita da yawa wuya. Wajibi ne likita ya faɗa wa dattijo wannan tun kafin ya sayar da gona ko shanu.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu wayar da kan iyayenmu. Kada a bari sai tsoka ta shanye sannan a tafi asibiti, kada kuma a yi wasa da gashi da motsa ƙafa bayan an dawo gida. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, amma fa sai ga wanda ya tashi da wuri.