Baƙon 1996 da Hasken da Ido Ba Ya Gani

A ƙarshen watan Maris na 1996, lokacin da zafin bazara ya fara korar mutanen Dakoro daga ɗakuna zuwa tsakar gida, wani tauraro mai wutsiya ya bayyana a sararin arewa. Wani Bajapane mai suna Yuji Hyakutake ne ya fara hango shi a ƙarshen Janairu, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara a Yamai. Mai neman alama, kamar yadda kakanni suka saba yi da irin wannan baƙo, ba zai rasa abin faɗa ba. Amma babban al'ajabin da ya zo da shi, ido ba ya ganinsa.

A waɗancan darare, kumbon Jamus mai suna ROSAT ya juya gare shi, sai ya tarar yana fitar da hasken X, wato irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, har ya ninka abin da aka zata kusan sau 100. Masana suka yi jugum. A sararin sama, irin wannan haske daga wuri mai tsananin zafi aka saba ganinsa, shi kuwa wannan baƙo dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura. Yaya ƙanƙara za ta yi aikin maƙera?

Amsa ta zo a 1997 daga Thomas Cravens na jami'ar Kansas ta Amurka. A gefen rana zafi ya haura digiri miliyan ɗaya, har ƙwayar zarra ta oksijan, mai elektaron 8, takan rasa 6 ko 7. Tana nan a tsiyace iskar rana take kwaso ta, da gudun kilomita kamar 400 a daƙiƙa. Da ta kutsa cikin tururin ruwan da ke kewaye da tauraron, sai ta fizge elektaron daga ƙwayar ruwa, kamar mayunwacin da ya faɗa rumbun maƙwabci. Elektaron ɗin yakan fara sauka a matakin sama, sannan ya gangaro kusa da cibiya, rarar ƙarfinsa ta fita a matsayin hasken X. Shi ya sa hasken ya yi siffar jinjirin wata, a ɓangaren da ke fuskantar rana.

Cravens bai ƙirƙiro wannan fizge ba, kuma nan ne tarihin ya fi daɗi. Tun shekarun 1970 masu neman kwaikwayon wutar rana a doron ƙasa suke auna shi a ɗakunan gwaji, aiki mai gajiyarwa da ba ya kawo suna. A Yulin 2000 kumbon Chandra ya duba wani tauraro mai wutsiya, LINEAR, ya ga tambarin oksijan ɗin ƙarara. Daga baya aka gane cewa irin wannan haske yana tashi har a saman iskar duniyarmu, yana cuɗanya da na taurari masu nisa.