Shekara 29 a Alƙahira, mabiya ƙalilan: labarin Temple Gairdner

Jama'a, da yawanmu in aka ce Alƙahira, abin da ke zuwa mana a rai shi ne Azhar, da ɗalibanmu da ke karatu can, da alhazan dā masu ratsa Masar a hanyar Makka. To amma birnin yana da wani tarihi da ba a cika ba mu ba a gida, kuma bakin zarensa ya kai har Zariya.

A ƙarshen ƙarni na 19 samarin Kirista a jami'o'in Ingila da Amurka sun ɗauki wani buri: wai kafin tsararsu ta shuɗe, bishara za ta kai ko'ina a duniya. Cikinsu akwai William Temple Gairdner, ɗan Sikotilan, haifaffen 1873, ɗan wani babban farfesan likitanci a Glasgow, shi kuma ya yi karatu a Oxford. Ƙungiyar mishan ta CMS ta turo shi Alƙahira a 1899, inda ya tarar da abokinsa Douglas Thornton. Aikin da aka ba su shi ne su yi wa'azi ga Musulmi masu ilimi, har da ɗaliban Azhar. Ka ji fa, kai kaya kasuwar da kowa ke da nasa.

Da farko muhawara suka sa gaba. Sun kama tsohon gidan Urabi Pasha, jagoran boren da Ingila ta murƙushe a 1882, suna tara matasa ana ja-in-ja kan addini, wani lokaci taron ya watse da hayaniya. A 1905 suka fara buga mujalla da Larabci da Turanci mai suna Orient and Occident. A 1907 zazzaɓin taifot ya kashe Thornton, aka bar Gairdner da kaya.

Waɗanda suka yi baftisma a hannunsa kaɗan ne ƙwarai, wasu ma suka koma Musulunci daga baya. Can Landan kuwa masu ba da gudummawa lissafi suke so, don mujallun mishan na lokacin cike suke da labarin dubban da ke shiga coci a Uganda da ƙasar Yarabawa. Mutum ya zo daga Masar da rahoton mutum biyu ko uku, ai sai a yi masa kallon wanda ya ci kuɗin banza.

Abin da Gairdner ya yi da wannan matsi shi ne ya sa nake ganin ya cancanci a tuna da shi. Bai ƙara ɗaga murya ba, sai ya koma ɗalibi. Daga 1910 zuwa 1911 ya je ya zauna gaban manyan masana Musulunci na Turawa, Duncan Macdonald a Amurka da Ignaz Goldziher a Budapest. Ya rage zafin jayayya. A 1917 ya fitar da littafin koyon Larabcin da ake magana da shi a titin Masar, a 1924 ya fassara Mishkatul Anwar na Imam Ghazali zuwa Turanci, fassarar da aka daɗe ana amfani da ita. Ya tattara karin waƙoƙin gabas don coci, ya rubuta wasannin kwaikwayo da Larabci, har da na Yusufu da 'yan'uwansa. Sauran ƙarfinsa ya zuba shi wajen renon wata 'yar ƙaramar ikilisiya mai ibada da Larabci, domin a ganinsa babu amfanin kiran mutum in babu gidan da zai karɓe shi. Ya rasu a Alƙahira a 1928. Sai a 1974 cocin Angilika a Masar ya sami bishop ɗan ƙasa, Ishaq Musaad, shekara 46 bayan mutuwarsa.

Amma a yi hattara. Cewa "riƙon amana ne ma'auni, ba yawa ba" magana ce mai daɗi, kuma kowane wanda ya kasa zai iya fakewa a bayanta. Samuel Zwemer, Ba'amurken da ya zauna Alƙahira daga 1912, shi ma mabiyansa kaɗan ne, shi ma ana yabonsa da naci. Sai dai a 1928 ya shiga harabar Azhar ya raba takardun wa'azi, gari ya ɗauki zafi. Kuma duk waɗannan mutane sun yi aiki ne a inuwar mulkin mallaka, Misirawa ba su manta ba. Kibɗawa ma, da cocinsu ya girmi na Ingila nesa ba kusa ba, suna da nasu ƙorafin, don galibin masu cika cocin 'yan mishan daga cikinsu aka samo. Saboda haka ni ba daɗewa nake dubawa ba. Ina duba ko mutum ya girmama waɗanda ya zauna cikinsu har ya koyi harshensu da littattafansu yadda su kansu za su yarda ya iya.

Wannan ma'aunin ne zai kai mu gida. Ita dai CMS ɗin ce ta turo Dokta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya zo Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A 1905 Miller ya sami wurin zama a birnin Zariya, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929. Shi ma da a ce kawuna za a ƙirga, da ya faɗi jarrabawa. Amma shi ne ƙashin bayan fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma daga wannan 'yar al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi. Miller bai koma Ingila ya ƙarasa rayuwarsa ba. A Bukuru kusa da Jos ya rasu a 1952.