Kura da Shan Bugu: Yadda Amurkawa Suka Koyi Auna Turken Tsakiya

A duk ƙarshen watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na babbar gasar ƙwallon Amurka, wato NFL, sukan zauna su raba samarin da suka gama buga wa jami'o'insu wasa. Zagaye bakwai ake yi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa faɗuwa a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. An soma wannan zaɓe tun 1936 a birnin Filadelfiya, don kada masu kuɗi su riƙa kwashe gwanaye su bar na ƙasa da ragowa. Zaɓi ɗaya a zagayen farko yana cin miliyoyin daloli, idan kuma aka yi kuskure, wani lokaci har da kujerar wanda ya yi zaɓen yake tafiya.

A cikin gurabun wasan akwai ɗaya da ya daɗe yana wahalar da masu wannan aiki. Amurkawa suna ce masa "nose tackle", domin yana durƙusawa hanci da hanci da mutumin da ke miƙa ƙwallo a farkon kowane kari. Mu kira shi turken tsakiya. Ƙato ne da kan kai kilo 150, aikinsa ya toshe tsakiyar fili, ya tilasta wa abokan hamayya su sa mutum biyu a kansa. Da zarar biyu sun taru a kansa, wani abokinsa na layin baya ya sami sarari ya kayar da mai gudu da ƙwallo. A takardar lissafi sunan wancan abokin za a rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To yaya za a gane gwani a aikin da ba ya barin sawu a takarda?

Asalin gurbin daga wasan jami'o'i ne. A ƙarshen shekarun 1940, koci Bud Wilkinson na Jami'ar Oklahoma ya shahara da tsarin tsaron da ke dasa mutum ɗaya a gaban mai miƙa ƙwallo. Manyan ƙungiyoyi sun daɗe ba su rungume shi ba, saboda haka masu farautar 'yan wasa ba su da wani ma'auni na irin wannan mutum. Labarin Curley Culp ya isa misali. Ɗan Jami'ar Jihar Arizona ne, kuma zakaran kokawar masu nauyi na jami'o'in Amurka a 1967. Ƙungiyar Denver ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 1968, amma ta ga kamar girmansa bai kai na mai tsaro ba, sai ta yi ƙoƙarin mayar da shi ɓangaren masu kai hari. Abin bai yiwu ba, ta sallama shi ga Kansas City.

A watan Janairun 1970, a wasan ƙarshe na Super Bowl karo na huɗu, koci Hank Stram ya riƙa dasa Culp a gaban Mick Tingelhoff na Minnesota, gwanin mai miƙa ƙwallo amma marar nauyi sosai. Tingelhoff ya kasa riƙe shi shi kaɗai, sai an kawo masa ɗauki, hakan ya buɗe wa sauran masu tsaro hanya. Kansas City ta ci 23 da 7. Daga 1974 Culp ya koma Houston, inda Bum Phillips ya gina tsaronsa kacokan a kansa. Abin da Denver ta auna tsayi ne da kauri. Abin da ta tsallake shi ne ilimin ɗan kokawa: sanin yadda ake shiga ƙarƙashin mutum, da inda ake ɗora hannu, da yadda ake kafa ƙafa a ƙi motsi.

A daidai wannan zamani wani yunƙuri na gudana a Dallas, wanda ni, da rubuta manhajar kwamfuta ne abincina, ya fi jan hankalina. A 1962 shugaban ƙungiyar, Tex Schramm, ya nemi taimakon wani reshen kamfanin IBM, aka haɗa shi da A. Salam Qureishi, masanin lissafi ɗan asalin Indiya wanda bai san komai game da ƙwallon Amurka ba. Qureishi ya tarar kowane mai farautar 'yan wasa da nasa bakin: abin da wannan ya kira mai kyau, wancan zai kira matsakaici. Tare da Gil Brandt suka tace ɗaruruwan siffofi zuwa kaɗan, kamar hali, da zafin nama, da ƙarfi, da kaifin hankali, da son gasa, suka tsara tambayoyin da kwamfuta za ta iya tattara amsoshinsu. Tsarin ya taimaki Dallas ƙwarai. Sai dai duk wanda ya taɓa gina rumbun bayanai ya san iyakarsa: na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka tanadar wa gurbi. Idan babu gurbin "ya cinye mutum biyu", to a wurinta hakan bai faru ba.

Daga 1982 aka fara tara samarin wuri ɗaya ana gwada su, tun 1987 kuma a Indiyanapolis ake yi. Ana auna gudun yadi 40, da yawan ɗaga ƙarfe mai kilo 102, da tsalle, da tsawon hannu. George Young, tsohon manajan New York Giants, yana da ra'ayin da ya yi tasiri: ƙattin da ke da nauyi kuma suna da sauri 'yan kaɗan ne a doron ƙasa, idan ka samu ɗaya kada ka bari ya wuce. A 2012 Dontari Poe na Jami'ar Memphis, mai kilo 157, ya yi gudun nan cikin daƙiƙa 4.98, ya ɗaga ƙarfen sau 44. Wasansa na jami'a bai yi wani tashe ba, amma Kansas City ta ɗauke shi na 11, ya kuma shiga jerin taurarin gasar sau biyu.

Sai dai a wannan shekarar akwai Damon Harrison, daga wata ƙaramar jami'a mai suna William Penn a jihar Iowa. An yi zagaye bakwai babu wanda ya kira sunansa. New York Jets ta ɗauke shi daga baya kamar kayan gwanjo. A 2016, yana New York Giants, aka sanya shi a sahun farko na gwanayen gasar baki ɗaya, saboda toshe hanyar masu gudu. Ma'auni ɗaya, shekara ɗaya, ya gano Poe ya kuma ɓatar da Harrison.

Yau tambayar ta sake salo. Wasan ya karkata ga jifa, don haka sau da yawa ana fitar da turken tsakiya a sa mai sauri. Jordan Davis na Jami'ar Jojiya ya girgiza jama'a a 2022 da gudun daƙiƙa 4.78 da nauyin kilo 155, Filadelfiya ta ɗauke shi na 13. Amma a kakanninsa uku na farko bai buga rabin karin tsaron ƙungiyar ba. Shi ya sa masu farauta yanzu suke tambaya: numfashinsa zai kai ƙarshen wasa? Zai iya tura mutum baya har ya takura wa mai jifa? Zai riƙe nauyinsa bayan kuɗi sun shigo?

Tun 2014 NFL ke saka ƙananan na'urori a kafaɗun 'yan wasa, suna nuna inda kowa yake a kowane lokaci. Yanzu ana iya ƙirga sau nawa aka tare mutum da biyu, da ko ya ja baya. Ginshiƙin da ya ɓace wa Qureishi ya fara samuwa. Duk da haka, masu aikin har gobe sukan kashe fitila su kunna bidiyon wasan jami'a, su ƙyale ƙwallo ta tafi inda za ta, su zuba ido a kan ƙaton da mutum biyu suka danne, su ga ko ƙafarsa ta gusa.