Daga Birnin Sin Zuwa Cadakori: Wa Ke Yi Mana Tafinta?

A bakin tsofaffinmu, idan aka ce "birnin Sin" ana nufin wurin da ya fi ko'ina nisa, can ƙarshen duniya. Yau kuwa babur ɗin da ɗan kabu-kabu ke tuƙawa daga Cadakori zuwa Gidan Rumji, da wayar Tecno da ke aljihun manomi, da faifan sola da ke kan rufin shago, mafi yawansu daga can suka fito. Birnin Sin ya shigo har cikin ɗakunanmu, amma harshensa yana nan da nisansa. A matsayina na malamin makaranta, ina so in waiwaya tare da 'yan'uwana malamai da iyayen yara, mu ga yadda aka yi mutanen Gabas mai Nisa suka riga mu sanin harshenmu, alhali mu muna jiran tafinta.

Farkon haɗuwar Nijar da ƙasar Sin ta siyasa ce, kuma da zafinta. Bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a 1959, 'ya'yanta da yawa sun fice daga ƙasa. Wasu sun tafi karatu ƙasashen gurguzu, wasu kuma sun sami horon soja a Gana da Aljeriya da birnin Nanjing na ƙasar Sin. A watan Oktoba na 1964 suka kutso ta kan iyakoki da niyyar kifar da gwamnatin Jori Hamani, aka murƙushe su. Jihar Maraɗi na cikin wuraren da Sawaba ke da magoya baya da yawa, don haka wannan tarihi namu ne. Ita gwamnatin Jori tun 1963 ta ƙulla hulɗa da Taiwan, abokiyar gabar Beijing. Sai bayan da Seyni Kunce ya karɓi mulki aka ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing a watan Yuli na 1974. An yanke ta a 1992 lokacin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta koma wa Taiwan, aka sake ɗinke ta a 1996. Najeriya kuwa tun watan Fabrairu na 1971 ta ƙulla tata.

Abin lura shi ne, Sinawa ba su jira takardar jakadanci ba kafin su fara koyon Hausa. A 1963 Rediyon Beijing ya buɗe sashen Hausa, shekara shida kacal bayan BBC ta buɗe nata a 1957. A cikin waɗannan shekaru na 1960 ne aka shigar da Hausa cikin darussan makarantar da a yau ake kira Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Ɗaliban da suka fito daga nan su ne suka zama ma'aikatan rediyo da 'yan jarida da tafintocin ofisoshin jakadanci. Sun buga rubuce-rubucen Mao da Hausa, daga baya kuma a shekarun 1980 aka mayar da labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam zuwa Sinanci. Wanda duk ya saba sauraren wannan gidan rediyo ya san muryoyin Sinawa masu amsa sunan Kande da Lubabatu da Murtala, suna zuba Hausa har da karin magana.

Japan ma ba a bar ta a baya ba. A 1964 aka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Asiya da Afirka a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Tokyo. Wani malami a can, Shuji Matsushita, ya yi bincike a kan Gwandara, harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa, ya buga sakamakonsa a farkon shekarun 1970. A Japan ne kuma aka yi aikin shigar da babban ƙamusun Bargery na 1934 cikin kwamfuta, wanda ɗaliban Hausa ke amfana da shi a intanet. A Koriya ta Kudu, Jami'ar Hankuk ta Koyon Harsunan Waje tana da sashen nazarin Afirka inda ake koyar da Swahili da Zulu da Hausa. Wato a yau akwai yaro a kusa da birnin Seoul da ke zaune a aji yana fama da bambancin "k" da "ƙ".

To mu fa? Cibiyar Confucius ta farko, wadda gwamnatin Sin ke buɗewa don koyar da harshenta, an kafa ta a Seoul a 2004, ta farko a Afirka kuma a Nairobi a 2005. A Najeriya biyun farko sun sauka ne a kudu: Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka a 2008, sai Jami'ar Legas a 2009, kuma dukansu biyu sun kai ga ba da digiri a fannin Sinanci. Koriya ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a 2010, inda ake koyar da harshenta. Duk waɗannan wurare suna nesa da yaron da ya ci jarrabawar bak a Gidan Rumji ko Agye ko Gazawa. Jami'armu ta Dan Dikko Dankulodo da ke Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, an ɗora ta ne a kan kimiyya da aikin gona da kiwon lafiya. Hausawan da suka iya Sinanci, akasari ko dai ɗalibai ne da suka sami tallafin karatu a can, aka sa su shekara guda ta koyon harshe kafin su shiga injiniya ko likitanci, ko kuma fatake ne da suka tsinci na ciniki a kasuwannin Guangzhou da Yiwu.

A daidai wannan lokaci hulɗar sai ƙara kauri take yi. Tun 1976 ayarin likitocin Sin ke zuwa aiki a asibitocin Nijar. A 2011 aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, inda kamfanin CNPC ke da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar na da 40. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya ratsa ta jiharmu, kuma a 2024 aka fara lodin mai daga gare shi. A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin man, kuma bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa na cikin dalilan da aka bayar. Ga kuma riɗin da ake nomawa a gonakinmu, wanda babbar kasuwarsa ƙasar Sin ce. Manomin da ya auna shi da tiya a kasuwar ƙauye bai san nawa ake sayen tan guda a tashar jirgin ruwa ta Qingdao ba, domin bayanin yana cikin harshen da babu mai karanta masa.

Mu malamai muna da wata alaƙar da Japan da ba kowa ya lura da ita ba. Kwamitin kula da makaranta da muke kira COGES, inda iyaye ke zaɓen wakilansu da ƙuri'a su tsara aikin shekara, ya yi ƙarfi ne da tallafin shirin "Makaranta Don Kowa" na hukumar JICA, wanda aka fara a jihar Tawa a 2004 kafin ya game ƙasa. Shekara ashirin ke nan muna aiki da tsarin da Japanawa suka taimaka aka gina, duk ta hanyar Faransanci.

Tarihin zamanin Turawa ya isa ya zama mana darasi. Kakanninmu sun ga yadda tafintan kumandan ya zama sarki mara rawani: abin da ya ga dama shi ke isa kunnen Bature, abin da ya ga dama shi ke dawowa kunnen talaka. Wanda ke riƙe da harsuna biyu shi ke riƙe da ciniki. Idan aka zauna teburin yarjejeniya, ɗaya ɓangaren na jin Hausarka da Faransancinka, kai kuma ba ka jin abin da suke faɗa wa junansu, to an auna ka kafin ka buɗe baki.

Iyaye kan tambaye ni ko yaranmu za su iya. Ba zan ɓoye wahalar ba. Makarantar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta sa Sinanci da Japananci da Koriyanci a rukunin da ya fi wuya ga mai jin Ingilishi, kimanin awa 2,200 na aji. Sai dai na huɗunsu a wannan rukuni shi ne Larabci, wanda 'ya'yanmu ke koyo a zaure da allo. Kuma Bahaushe na da wata garaɓasa. Sinanci harshe ne mai karin sauti guda huɗu, inda "ma" kan zama uwa ko doki gwargwadon hawa da saukar murya. Wannan kan rikita Bafaranshe, amma yaron da ya tashi yana bambanta "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala ya riga ya sami kunnen. Japananci na da wasula biyar irin namu, da dogo da gajere, da baƙi mai ninki kamar a "hannu". Rubutun Koriya, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446 don talaka ya iya karatu, haruffa 24 ne kawai. Inda gumin yake shi ne alamomin rubutun Sin: sai mutum ya haddace kusan 3,000 kafin ya karanta jarida, Japan kuma ta ƙayyade 2,136 na amfanin yau da kullum.

Shawarata ga iyaye guda biyu ce. Ta farko, kada a tura yaro koyon harshe tsurarsa. Tafintan da ya san shari'a, ko lissafin kuɗi, ko aikin gona, ko injiniyan mai, shi ne wanda ba a iya zagayewa. Ta biyu, a tsaya a kan Hausarsa. Fassara gada ce mai ƙafa biyu, kuma wanda bai iya rubuta harshen uwarsa daidai ba, ba zai iya mayar da takardar kwangila zuwa maganar da manomi zai gane ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan tushe ne da za a ɗora a kai.

Ga hukumomin ilimi kuwa, abin da nake roƙo bai fi ƙarfinsu ba: aji guda na Sinanci a jami'ar Maraɗi, a buɗe ga ɗaliban aikin gona da na kimiyya, har su kai ga zana jarrabawar HSK da jami'o'in Sin ke nema. A kuma nemi musayar malamai da jami'o'in Beijing da Tokyo da Hankuk, tunda su ma suna bukatar masu koyar da Hausa, mu ko muna da su. Sinawa sun fara da ɗalibai 'yan ƙalilan shekara sittin da suka wuce, ga shi har yau suna cin moriyarsu. Idan muka shuka namu bana, yaran da ke aji shida a Cadakori su ne za su girbe.