Yadda Aka Koyi Raba Ɗumi da Sanyi Ɗaki-Ɗaki

A ƙasashen sanyi, kamar Amurka da Kanada, gidaje da yawa suna da tanderu guda ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, wanda yake ɗumama iska ya tura ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki. A bakin kowane bututu akwai 'yar ƙofa mai haƙoran ƙarfe, a daɓe ko a bango, inda iskar take fitowa. Yau akwai irin waɗannan ƙofofi da suke buɗe kansu su rufe kansu ba tare da hannun mutum ba. Bari mu bi tarihinsu, gama tambayar da ta haife su tsohuwa ce ƙwarai: idan wuta ɗaya ce, ɗakuna kuwa da yawa, wa zai sami ɗumi, wa kuma zai kwana da sanyi?

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana yadda sarakunan dā suka amsa wannan tambaya. Annabi Amos (3:15) ya ambaci masu gidan damuna dabam da na rani dabam, wato gida biyu domin lokaci biyu. A cikin Irmiya 36:22 mun ga sarki Yehoyakim zaune a gidansa na lokacin sanyi, a wata na tara, da kaskon wuta a gabansa, a cikin wutar nan kuma ya ƙone littafin annabin. Eglon sarkin Mowab yana da ɗaki mai sanyi a kan bene (Mahukunta 3:20). Dabararsu duka ɗaya ce: ba a kawo wa ɗaki yanayi, mutum ne yake tashi ya koma ɗakin da ya dace. Wanda ba shi da ɗaki biyu sai haƙuri.

Romawa sun ci gaba kaɗan. Sukan ɗaga daɓen ɗaki a kan gajerun ginshiƙan tubali, su hura wuta a gefe, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin daɓen su fita ta cikin bango. Wanda ya san gadon ƙasa na tsofaffinmu, da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa lokacin hunturu, ya gane dabarar. A gidajen wankansu, ɗakin da yake kusa da tanderu shi ne mafi zafi, na biye da shi mai ɗumi, na ƙarshe mai sanyi. Amma bayi ne suke tsaye cikin hayaƙi suna ƙara itace. Bayan zamanin Romawa, a gidajen sufaye na Turai, ban da madafa da ɗakin marasa lafiya, ɗaki ɗaya tak ake hura wa wuta, nan 'yan'uwa suke shiga su ji ɗumi su fita. A wasu gidajen Ingila ana kunna wutar ran 1 ga Nuwamba, Idin Dukan Tsarkaka, a kashe ta ran Juma'a Mai Kyau. Coci da ɗakin barci kuwa babu wuta sam.

Na'ura ta fari da ta tsare zafi da kanta ba domin mutane aka yi ta ba, domin ƙwai ne. Wajen shekara ta 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel, wanda ya zauna a Ingila, ya ƙera akwatin ƙyanƙyashe ƙwan kaji. Idan zafi ya yi yawa sai zaiba ta motsa cikin bututun gilashi, ta tura wani sanda, sandan ya rufe hanyar iskar da take ciyar da wuta. Wuta ta lafa, marfin ya sake buɗewa. A 1830 Andrew Ure, mutumin Sikotlan, ya yi amfani da wata gaskiya da maƙera suka sani: ƙarfe yakan miƙe idan ya ji zafi, amma ba kowane ƙarfe yake miƙewa daidai da ɗan'uwansa ba. Idan aka manne ƙarfe iri biyu baya da baya, zafi zai sa su lanƙwashe gefe guda, sanyi ya mai da su. Wannan lanƙwasa ita ce ta zama yatsan da yake kunnawa yana kashewa.

Wanda ya kai abin cikin ɗakunan mutane malamin makaranta ne. Warren Johnson yana koyarwa a makarantar horar da malamai ta Whitewater, a jihar Wiskonsin ta Amurka. Mai kula da tanderun makarantar yakan zaga aji-aji ya duba zafi, sa'an nan ya sauka ƙasa ya buɗe marfin wannan bututu ya rufe na wancan. Shigarsa tana katse darasi, kafin ya sake zagayowa kuma wani aji ya yi zafi kamar tanda, wani yara suna rawar ɗari. Johnson ya sa ma'auni a kowane aji, ya haɗa shi da waya zuwa ƙararrawa a ɗakin tanderu, domin ajin ya kira ma'aikacin da kansa. Ya sami takardar shaidar wannan ƙirƙira a 1883, ya kafa kamfani a Milwaukee a 1885. A 1895 ya kammala aikin: maimakon ƙararrawa ta kira mutum, iskar da aka matse cikin siraran bututu ita take tura marfin, kowane ɗaki da nasa ma'auni. Kamfanin nan shi ne ake kira Johnson Controls. Sai dai tsarin yana da tsada, manyan makarantu da ofisoshi da otal-otal ne suka iya sayensa.

Gidan talaka ya bi wata hanya. Albert Butz, haifaffen Suwizalan mazaunin Minesota, ya sami takardar shaida a 1886 a kan wata na'ura da take jan sarƙa ta ɗaga marfin tanderun kwal idan gida ya yi sanyi. Iska ta shiga, wuta ta tashi, kamar yadda zugazugi yake ta da wutar maƙera. Daga aikinsa ne kamfanin Honeywell ya samo asali. Na'urar ta hutar da maigida daga sauka ƙasa da tsakar dare, amma ta bar wata matsala da ta daɗe har yau. Ma'auni ɗaya ne, a bango ɗaya, yawanci a tsakiyar gida. Idan wurin ya yi ɗumi sai ya kashe wuta, ko da jariri yana can ɗakin ƙurya cikin sanyi. Iska mai zafi kuma sama take tashi, saboda haka na kan bene yana gumi, na ƙasa yana neman bargo.

Wata baƙar mace Ba'amurkiya, Alice Parker, daga garin Morristown a jihar Niyu Jasi, ta ga wannan matsala. Ran 23 ga Disamba 1919 aka ba ta takardar shaida a kan tanderu mai aiki da iskar gas, mai bakunan wuta dabam-dabam, kowanne da bututunsa, domin a iya ƙara wa wannan sashe na gida zafi a rage wa wancan. A lokacin mata ba su riga sun sami 'yancin zaɓe a dukan Amurka ba, sai 1920. Ba a ƙera tanderunta domin kasuwa ba, amma tunaninta shi ne aka koma wa daga baya.

Sanyaya ɗaki kuwa a maɗaba'a ta soma. A 1902 wani kamfanin buga takardu a Brooklyn, cikin birnin Niyu Yok, yana fama da laima: takarda takan kumbura ta tsuke, launuka su ƙi hawa daidai. Willis Carrier ya ƙera musu na'urar da take bi da iska ta kan bututu masu sanyi, ta cire laimar. Da na'urar ta shiga gidaje bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka aika da sanyi ta cikin bututun da suke kai ɗumi. Matsalar raba iska ta zama ta rani da ta hunturu duka.

Turai, inda aka fi ɗumama gida da ruwan zafi cikin bututun ƙarfe, ta sami mafita mai sauƙi. A 1943 Mads Clausen, mai kamfanin Danfoss a Danmak, ya ƙera wani ɗan famfo da ake ɗaurawa a bututun kowane ɗaki. A cikinsa akwai abin da yake kumbura idan ɗaki ya yi ɗumi, ya matse hanyar ruwa, ba lantarki, ba waya. Mutane ba su damu sosai ba muddin mai yana da araha. Amma daga ƙarshen 1973 zuwa farkon 1974 farashin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. A 1977 shugaba Jimmy Carter ya roƙi Amurkawa su rage zafin gidajensu zuwa wajen digiri 18 da rana. Daga nan ɗumama ɗakin da ba kowa a ciki ya zama ɓarna da ake gani a takardar biyan kuɗi.

Matakin ƙarshe ya zo tare da wayar hannu. A 2011 kamfanin Nest ya fito da ma'aunin da yake koyon lokacin da mutanen gida suke fita da dawowa, Google kuma ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 3.2. A shekarun da suka biyo, ƙananan kamfanoni irin su Keen Home da Ecovent da Flair suka fito da ƙofofin iska masu batir da ɗan inji. Ana cire tsohuwar ƙofa a sa sabuwa, ma'aunin ɗakin ya faɗa mata zafin da ake ciki, ita kuma ta buɗe haƙoranta ko ta rufe. Abin da Johnson ya yi wa manyan gine-gine a 1895 ya iso ɗakin barcin mutum bayan shekara wajen 120.

Amma masu gyaran waɗannan na'urori sun yi gargaɗi. Fankar tanderu an yi ta domin ta tura iska gwargwadon gidan duka. Idan aka rufe ƙofofi da yawa, iskar ba ta ɓacewa, sai ta taru ta matsa bututu, ta tsiyaye ta mahaɗa, injin ya wahala. Lokacin ɗumamawa tanderu yakan yi zafi fiye da kima, lokacin sanyayawa ƙanƙara takan daskare a kan bututun sanyi. Saboda haka aka koya wa ƙofofin su lura da matsin iska, kada su rufe gaba ɗaya. Wato dole kowane ɗaki ya san halin da sauran suke ciki.

A ƙasashenmu ba mu gina gidaje da irin waɗannan bututu ba. Mai hali yana sa wa ɗakinsa na'urar sanyi tasa, wani fanka, wani kuwa tabarma a tsakar gida. Duk da haka tambayar tana nan a cikin gidajenmu da gidajen ikilisiya. Lokacin bazara, wa yake kwana a ɗakin da kwano ya gasa? Lokacin hunturu, wa aka bar wa ɗakin da taga ta karye: tsohuwa, baƙo, ko yarinyar da take yi mana aiki? Daga bawan Romawa zuwa ma'aikacin makarantar Whitewater, mutum ne yake zagawa ya duba kowane ɗaki, har na'ura ta karɓi aikin. Inda babu na'ura, aikin yana kan maigida da uwargida. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa mu gaɓoɓin jiki ɗaya ne, wahalar ɗaya kuwa ta duka ce. Kafin mu rufe ƙofarmu da dare, ya kamata mu leƙa ɗakin ƙurya tukuna.